Yaƙi Da Satar Fasaha A Intanet: Inda Kare Dukiya Ya Ci Karo Da 'Yancin Jama'a

A ranar Laraba 18 ga Janairun 2012, duk wanda ya buɗe sashen Turanci na kundin Wikipedia sai ya tarar da baƙin shafi, babu abin karantawa sai wata gajeriyar sanarwa. Masu kundin ne da kansu suka rufe shi na tsawon sa'a 24, tare da dubban wasu shafuka, domin nuna ƙin amincewarsu da wasu ƙudurori biyu na yaƙi da satar fasaha da ke gaban majalisar dokokin Amurka. Kashegari, ranar Alhamis, sai Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da hukumar bincike ta FBI suka rufe Megaupload, wani kamfanin ajiyar fayiloli da ke da'awar cewa mutum miliyan 50 ne ke ziyartarsa kowace rana. Ranar Juma'a kuma shugabannin majalisar suka jingine ƙudurorin nan biyu, har yau ba su sake tasowa ba.

Waɗannan kwanaki uku sun tattara duk gardamar da ake yi a kan wannan al'amari. Babu wani mai hankali da ke cewa daidai ne a kwafi fim ko waƙa ko littafin da wani ya kashe dukiyarsa a kai, a raba wa duniya ba da izninsa ba. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne wane ne ke da ikon yanke hukunci cewa an yi satar, da wace hujja, kuma wa zai ɗauki asarar waɗanda tsautsayi ya rutsa da su alhali ba su ji ba, ba su gani ba.

Ɗan kasuwar Nijeriya ya daɗe da sanin satar fasaha tun zamanin kaset da faifai. Wannan tsohuwar sana'a tana bukatar injin kwafi da sito da motar dakon kaya, saboda haka jami'ai na iya kai samame a kasuwa irin ta Alaba a Legas, su ƙirga kwalaye, su gurfanar da mai shago. A intanet abin ya sha bamban. Kwafi miliyan ɗaya ba ya cin kuɗin da ya wuce na kwafi ɗaya, mai shafin yana iya zama a wata ƙasa, kwamfutocin ajiyarsa a wata, kamfaninsa kuma an yi masa rajista a ta uku. Da yake kama ɓarawon ya yi wuya, sai gwamnatoci suka karkata ga waɗanda hannunsu zai iya kaiwa gare su, wato kamfanonin da ke haɗa jama'a da intanet, da masu rajistar adireshin shafuka, da bankuna, da kuma talakan da ya sauke waƙa a ɗakinsa.

Tushen tsarin da ƙasashe da dama ke bi shi ne dokar da Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu a watan Oktoban 1998, wadda ake kira DMCA a taƙaice. Dokar ta ƙulla wani irin ciniki ne: kamfanin da jama'a ke ɗora abubuwa a shafinsa ba za a kama shi da laifin abin da wani ya ɗora ba, muddin ya cire abin da zarar mai haƙƙin mallaka ya aiko masa da takardar ƙorafi, wanda aka cire wa abu kuma yana da damar musantawa. A ƙarƙashin wannan inuwa ce kamfanoni irin su YouTube da Facebook suka girma. Amma kamfanonin waƙa da na fina-finai ba su jima ba suka fara kukan cewa ana cire kwafi ɗaya, goma na fitowa.

Daga nan sai suka gwada tsoratarwa. Bayan kotu ta durƙusar da Napster a 2001, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta soma maka ɗaiɗaikun mutane a kotu a watan Satumban 2003, ta fara da mutum 261. Kafin ta daina a ƙarshen 2008, waɗanda ta bi sun kai dubun dubata, cikinsu har da ɗalibai da yara da tsofaffi. Wata mata a Jihar Minnesota da aka samu da laifin raba waƙoƙi 24, masu taya alƙali yanke hukunci sun ɗora mata diyyar Dala miliyan 1.92 a 2009, kafin daga bisani shari'ar ta tsaya a kan Dala 222,000. Satar ba ta ragu yadda aka zata ba, sai dai baƙin jinin da kamfanonin suka jawo wa kansu.

Faransa ce ta ɗauki mataki na gaba. A 2009, gwamnatin Shugaba Nicolas Sarkozy ta kafa wata hukuma mai suna Hadopi, wadda za ta riƙa aika gargaɗi ga duk wanda aka gano ana sauke kayan sata ta layinsa, idan ya ƙi ji bayan gargaɗi na biyu kuma a yanke masa intanet. A ranar 10 ga Yunin 2009 Majalisar Tsarin Mulki ta ƙasar ta soke wannan sashe. Hujjarta ita ce, a wannan zamani samun intanet wani ɓangare ne na 'yancin faɗin albarkacin baki da ke cikin Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1789, saboda haka alƙali ne kaɗai zai iya raba mutum da shi, ba wata hukumar gwamnati ba. Ta kuma ƙi yarda a ɗora wa mai layi nauyin wanke kansa, domin ƙa'ida ita ce mai tuhuma ne zai kawo hujja. Wannan batu na biyu ya fi shafar 'yan kasuwa fiye da yadda ake zato, domin adireshin layi gida ko ofis yake nunawa, ba mutum ba. Mai otal ko mai shagon intanet ba shi da hanyar sanin abin da kowane baƙo ya sauke. Gwamnati ta gyara dokar ta shigo da alƙali, amma a watan Yulin 2013 aka janye hukuncin yanke layin gaba ɗaya. A watan Janairun 2022 kuma aka narkar da Hadopi cikin wata sabuwar hukuma mai suna Arcom.

A 2011 ma, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan 'yancin faɗin albarkacin baki, Frank La Rue, ya bayyana a rahotonsa cewa yanke wa mutum intanet saboda keta haƙƙin mallaka hukunci ne da ya zarce laifin. A watan Nuwamban wannan shekara Kotun Tarayyar Turai ta yanke, a wata shari'a daga Beljiyam, cewa ba za a tilasta wa kamfanin intanet ya riƙa tace duk saƙonnin abokan cinikinsa don neman kayan sata ba.

A Amurka kuwa, hukumar shige da fice da kwastan ta fito da wata dabara a 2010: ƙwace adireshin shafi kamar yadda ake ƙwace kayan fasa-ƙwauri a tashar jirgin ruwa. Jami'i zai rantse a gaban alƙali ba tare da an kira mai shafin ba, gobe sai mai shafin ya wayi gari ya ga tambarin gwamnati a inda kasuwancinsa yake. Wani shafin labaran waƙa mai suna Dajaz1, wanda aka ƙwace a watan Nuwamban 2010, ya yi shekara guda cur a hannun gwamnati, ba a gurfanar da kowa ba, sai a Disambar 2011 aka mayar wa mai shi ba tare da wani bayani ba. Lauyansa ya ce wasu daga cikin waƙoƙin da aka zarge shi da sata, wakilan kamfanonin ne da kansu suka aiko masa don talla. Haka kuma aka ƙwace adireshin Rojadirecta a Fabrairun 2011, duk da cewa kotunan Sifen, inda kamfanin yake, sun riga sun wanke shi. Shi ma an mayar da shi a Agustan 2012. Mai shagon da aka rufe wa ƙofa shekara guda ya san cewa mayar masa da mabuɗi ba ya dawo masa da masu saye.

A cikin wannan yanayi ne aka gabatar da ƙudurorin nan biyu: PIPA, wanda Sanata Patrick Leahy ya kawo a Majalisar Dattawa a watan Mayun 2011, da SOPA, wanda Lamar Smith ya kawo a Majalisar Wakilai a watan Oktoba. Manufarsu ita ce shafukan da ke wajen Amurka. Da sun zama doka, babban lauyan gwamnati zai iya samo umarnin kotu da zai tilasta wa kamfanonin intanet su toshe hanyar shiga shafi, injunan bincike irin su Google su share sunansa, kamfanonin biyan kuɗi da na talla kuma su daina hulɗa da shi. Daftarin farko na SOPA ma ya bai wa mai haƙƙin mallaka damar aika takarda kai tsaye ga kamfanin biyan kuɗi, a yanke wa shafi hanyar samun kuɗinsa cikin kwana biyar, tun kafin a je gaban alƙali. Kamfanonin Hollywood da na waƙa da Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Amurka sun goyi baya. Injiniyoyi 83 na farkon gina intanet, cikinsu har da Vint Cerf, sun rubuta wa majalisa cewa taɓa tsarin adireshi zai raunana tsaron intanet ɗin kansa. Ya kamata a lura cewa wannan faɗa ba tsakanin 'yan kasuwa da masu rajin kare haƙƙi kaɗai ba ne. Manyan attajirai ne a ɓangarorin biyu, kuma Google da takwarorinsa suna kare ribarsu ne kamar yadda Hollywood ke kare tata.

Shari'ar Megaupload ta fi kowace nuna yadda abin yake idan an zo aiwatarwa. An yi wa kamfanin rajista ne a Hong Kong, mai shi Kim Dotcom haifaffen Jamus ne da ke zaune a Niyu Zilan, amma da yake kamfanin yana hayar kwamfutocin ajiya a Jihar Virginia, sai Amurka ta ce tana da hurumi. Ta zarge shi da samun sama da Dala miliyan 175 ta haramtacciyar hanya, da jawo wa masu haƙƙin mallaka asarar sama da Dala miliyan 500, ta kuma ce kamfanin yana biyan lada ga masu ɗora fayilolin da jama'a suka fi saukewa, alhali ya san yawancinsu na sata ne. Wannan zargi ba ƙarami ba ne, kuma biyu daga cikin manyan abokan aikinsa sun amsa laifi a Niyu Zilan, aka ɗaure su a 2023.

Sai dai yadda aka gudanar da kamen ya bar baya da ƙura. 'Yan sanda da dama ɗauke da makamai, da jirage masu saukar ungulu, suka dira a gidansa da ke kusa da birnin Auckland da sassafen 20 ga Janairun 2012, kamar waɗanda suka zo kama ɗan ta'adda. A watan Yunin shekarar wata alƙaliyar Babbar Kotu, Helen Winkelmann, ta ce takardun izinin binciken ba su inganta ba, ko da yake kotunan sama sun warware wannan hukunci a 2014. A watan Satumban 2012 kuma Firayim Minista John Key ya fito ya nemi afuwar Dotcom, bayan ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin ƙasar ta saurari sadarwarsa ba bisa doka ba, domin doka ta hana ta leƙen asirin wanda ke da izinin zama na dindindin. Sai a watan Agustan 2024, bayan shekara 12 ana kai-komo a kotuna, Ministan Shari'a Paul Goldsmith ya sanya hannu a takardar miƙa shi ga Amurka, lauyoyinsa kuma suka sake komawa kotu.

Waɗanda aka fi mantawa da su a wannan labari su ne abokan cinikin kamfanin masu gaskiya. Akwai ƙananan 'yan kasuwa da masu ɗaukar hoto da ɗalibai da suka biya kuɗi suka ajiye kayansu na halal. Wani mai ɗaukar bidiyon wasannin makarantu a Jihar Ohio, wanda kwamfutarsa ta lalace a daidai lokacin, ya garzaya kotu yana neman a ba shi fayilolinsa, ya shafe shekaru bai samu ba. Gwamnati ta ce ta riga ta kwafi abin da take bukata, sauran ba ruwanta. An ƙwace kuɗin Megaupload, saboda haka ba ya iya biyan haya. Kamfanin da ke riƙe da kwamfutoci sama da 1,100 a Amurka ya ce ajiyarsu na cinsa Dala 9,000 a kowace rana. Wani kamfanin a ƙasar Holan ma ya share abin da ke cikin ɗaruruwan kwamfutoci a 2013. Da a ce sito ne na haya aka rufe a Kano ko Onica saboda an sami kayan sata a ɗaki ɗaya, aka kuma bar kayan sauran 'yan haya suka ruɓe, da ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta kwana ba sai a ofishin gwamna.

A Turai, yarjejeniyar ACTA ta ƙasa da ƙasa, wadda aka tattauna a asirce, ta haddasa zanga-zanga daga Polan zuwa Jamus, Majalisar Dokokin Turai kuma ta yi watsi da ita ranar 4 ga Yulin 2012 da ƙuri'a 478, 39 ne kawai suka goyi baya.

Shin matakan suna biyan bukata? Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya bayyana a 2010 cewa wasu alƙaluman asara da ake yawan ambatawa ba a iya gano tushensu ba, domin ba kowane wanda ya sauke fim kyauta ne zai saya da kuɗinsa ba. Amma kuma ba a ce babu asara ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Brett Danaher da Michael Smith, sun gano cewa rufe Megaupload ya ƙara cinikin fina-finan intanet na wasu manyan kamfanoni uku da kashi 6.5 zuwa 8.5 cikin ɗari. Binciken da suka yi a Birtaniya kuma ya nuna cewa toshe shafin Pirate Bay shi kaɗai a 2012 bai yi wani tasiri ba, jama'a sun koma wasu shafukan ne kawai, sai da aka toshe shafuka masu yawa a lokaci guda sannan aka ga ƙaruwar masu biyan kuɗi. Zuwan Spotify da Netflix, masu sayar da halal cikin araha da sauƙi, shi ma ya janye mutane da yawa daga sata ba tare da ɗan sanda ba.

Ko da SOPA ya mutu a Amurka, toshe shafuka ya zama ruwan dare a wasu ƙasashe. Birtaniya ta bi ta hannun Babbar Kotu tun 2011. Italiya kuwa ta zaɓi sauri: a farkon 2024 ta fara wani tsari da ke wajabta toshe adireshi cikin minti 30 da zarar masu haƙƙin nuna wasannin ƙwallon ƙafa sun shigar da shi, babu alƙali a tsakani. A watan Oktoban wannan shekara sai tsarin ya toshe wani adireshin Google Drive bisa kuskure, masu amfani da shi a ƙasar suka kasa sauke takardunsu na sa'o'i.

Nijeriya ta shigo wannan fage ne da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin dokar soja ta 1988. Bukatar hakan a fili take. Masu shirya fina-finan Hausa sun ga yadda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu a hannun masu tura fim a waya da katin ajiya, abin da ya kora da yawansu zuwa YouTube. Na Legas ma sun sha ganin fim ya bazu a Telegram tun yana gidan kallo. Sabuwar dokar ta ɗauko tsarin ƙorafi da cirewa irin na Amurka, ta tanadi dakatar da asusun wanda ya maimaita laifi, sannan ta bai wa Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ikon toshe duk wani shafi ko mahaɗi da take da dalili mai ƙarfi na ganin yana keta haƙƙin mallaka. Sashen da ya ba da wannan iko bai gindaya sharaɗin samo umarnin kotu tukuna ba, wato ya bi hanyar da ta fi kusa da ta Italiya fiye da ta Birtaniya.

Nan ne lauyoyi ke ɗaga sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999, mai tabbatar da haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, da sashe na 39 kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Tsoronsu yana da madogara. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba da umarnin kotu ba, masu sayar da kaya ta wannan kafa suka ɗanɗana kuɗarsu, kuma a watan Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Wancan al'amari ba na satar fasaha ba ne, amma hanyar toshewar iri ɗaya ce: umarni ne ke zuwa ga kamfanonin sadarwa, su kuwa lasisinsu na hannun gwamnati, ba su da ta cewa. A 2025 Hukumar Haƙƙin Mallaka ta sanar da dakatar da adireshin MovieBox.ng, wani shafin kallon fina-finai da ta zarga da sata, kuma ta yi hakan ne tare da haɗin gwiwar ƙungiyar NiRA mai rajistar adireshin intanet na Nijeriya.